Yadda na tara jarin 'yan uwa da abokan arziki na buɗe gidajen saukar baƙi a Kaduna

Tun da mutane suka fahimci cewa sana'ata ita ce bayar da hayar gidaje masu kaya a ciki ga baƙin da ke zuwa Kaduna na kwana biyu ko mako guda, tambayar da aka fi yi mini ita ce inda na samo kuɗin da na fara. Masu tambayar suna da hujja, domin duk wanda ya san gidanmu ya san cewa mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri har zuwa lokacin da aka rufe su, kuma abin da ya bar mana bai wuce gidan da muka taso a cikinsa a Tudun Wada ba. Mafi yawan kuɗin na mutane ne da suka amince suka ɗora dukiyarsu a hannuna. Na ga ya dace in rubuta yadda hakan ya kasance, saboda matasa da yawa suna sha'awar wannan sana'a a yanzu, amma hankalinsu ya fi karkata ga labule da kujeru fiye da nauyin riƙe kuɗin wani.

Na yi shekaru ina aiki a wani otal a cikin gari, na fara daga teburin karɓar baƙi har na kai ga riƙe littafin kuɗi. A wannan aiki ne na san waɗanda ke zuwa Kaduna da lokutan da suke zuwa. Akwai dangin amarya da na ango da ke cika gari a watan Disamba da kuma bayan Sallah, akwai iyayen da ke zuwa bikin yaye ɗaliban makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, akwai 'yan kasuwar da ke halartar baje kolin ƙasa da ƙasa da ake yi a kan hanyar Zariya, sannan akwai masu jinya da ke rako marasa lafiya zuwa Asibitin Ido na Ƙasa ko Barau Dikko, waɗanda zamansu kan ɗauki makonni. Abin da na lura da shi shi ne magidanci da ya zo da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa ba ya sakewa a otal. Yana son madafa inda za a dama wa tsohuwa kunu, yana son falo inda 'yan uwa za su zo gaisuwa, kuma ba ya son iyalinsa su riƙa ratsa mashaya kafin su isa ɗakinsu. Irin wannan mutum yakan kama ɗaki uku a otal yana ƙorafi, alhali da zai sami gida guda mai tsafta da tsaro da ya biya da daɗin rai.

A watan Yuli na 2016 aka buɗe jirgin ƙasa tsakanin Idu a Abuja da Rigasa, sannan a watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkato da jiragen zuwa Kaduna. A waɗannan makonni na ga yadda muka riƙa mayar da baƙi saboda rashin ɗaki. Na san cewa wannan cunkoso na ɗan lokaci ne, don haka ban ɗora lissafina a kansa ba, amma shi ne ya sa na zauna da biro da takarda. Na ƙiyasta abin da zai ci a kama hayar gida mai ɗaki uku a Unguwar Rimi ko Malali, a biya shekara biyu gaba kamar yadda masu gidaje suke nema daga sabon ɗan haya, a zuba kaya, a tanadi wuta da ruwa, a ɗauki maigadi da mai shara. Abin da na tara daga albashina bai kai kashi ɗaya cikin biyar na jimillar ba.

Ban daɗe ina tunanin banki ba. Ba ni da takardar fili da zan ba da jingina, kuɗin ruwa ba abin da zan yarda in shiga ba ne, kuma ko da bankin da ba ya ta'ammali da ruwa na nufa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, kowane banki yana son ganin tarihin ciniki, ni kuwa ko baƙo ɗaya ban taɓa saukewa da sunana ba. Akwai kuma dalili na lissafi. Bashi yana neman a biya shi kowane wata ko an samu ko ba a samu ba, ita kuwa wannan sana'a kuɗinta ba ya zuwa a jere: Disamba ta cika aljihu, watan azumi kuma, da bukukuwan aure ke tsayawa, gida ya yi kwanaki babu kowa sai maigadi. Abin da ya dace da irin wannan kasuwanci shi ne kuɗin mutumin da zai iya jira, wanda ya yarda a raba riba idan an samu, kuma ya ji da kunnensa cewa ana iya yin asara.

Lokacin da na fara neman irin waɗannan mutane, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga MMM ba, wanda ya yi wa mutane alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata sannan ya rufe asusunsu a watan Disamba na 2016. Wannan abu ya raba mutanen da na tunkara gida biyu. Wasu da sun ji kalmar zuba jari sai su canza magana, wasu kuma kunnensu ya riga ya saba da manyan alƙawura, ta yadda idan na ce musu za a iya ɗaukar shekara uku kafin uwar kuɗi ta dawo, sai su dube ni kamar wanda bai san kasuwanci ba. Rukuni na biyu ya fi ba ni wahala, domin suna da kuɗin kuma suna son bayarwa.

Wanda na fara samu shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya karɓi garatutinsa. Na je gidansa a Kawo da takardun lissafina, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk na ji. Ka faɗa mini nawa za ka riƙa ba ni a wata, kuma yaushe za ka dawo mini da kuɗina." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba zan iya yanke muku adadi ba, domin ban san yawan baƙin da Allah zai kawo ba." Ya ce in je in yi tunani, domin shi bai taɓa jin an ba da kuɗi a kan "Allah ya kawo kasuwa" ba. Wannan tambaya ta Kawu ita ce wadda kusan kowane mai kuɗi ya yi mini bayansa, kuma na tabbata duk wanda ya shiga neman jari zai ji ta. Amsa ta da adadi yana da sauƙi, kuma nan take ake samun kuɗin, amma daga ranar da mutum ya yanke adadi ya daina zama abokin tarayya, ya koma mai bashi, kuma idan kasuwa ta tsaya babu inda zai samo abin biya sai daga kuɗin sabon mai zuba jari. Da yawa daga cikin waɗanda aka kama da damfara ba da niyyar damfara suka fara ba, ta wannan ƙofa suka shiga.

Ni da Kawu muka je wurin malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa bayan sallar asuba, na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ke tsakaninmu." Malam ya ce abin da nake nema yana da suna a fiƙihu, shi ne ƙiradi, kuma Imam Malik ya ware masa babi a cikin Muwaɗɗa. Ya bayyana mana cewa mai dukiya yana ba da kuɗi, mai aiki yana juya su, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, kamar rabi da rabi ko kashi biyu cikin uku, amma ba a yanke wani adadi na naira. Idan aka yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai aiki ya rasa wahalarsa, kuma sharaɗin cewa mai aiki ya lamunce uwar kuɗi yana ɓata yarjejeniyar. Tun da ni ma ina zuba nawa ɗan abin, ya ce ina da matsayi biyu, na mai tarayya a dukiya da na mai aiki, kowanne da hukuncinsa. Ya ƙara da cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, don haka kada kunyar zumunta ta hana mu rubutu. Kawu bai amsa a ranar ba. Bayan wasu makonni ya kira ni ya ce zai saka sulusin garatutinsa, sauran kuma ba zai taɓa ba, na ce masa hakan ya fi kwantar mini da hankali.

Akwai wata ƙa'ida da Malam ya ambata a taƙaice wadda daga baya na gane ita ce ginshiƙin lissafin gaba ɗaya, wato babu riba sai bayan uwar kuɗi ta cika. A gidan da aka kama haya, jarin da aka zuba narkewa yake yi. Kuɗin haya yana ƙarewa da ƙarewar shekara, katifa da zanin gado suna tsufa, baturan sola suna mutuwa, na'urar sanyaya ɗaki tana lalacewa, kuma ranar da wa'adin haya ya cika gidan na mai shi ne, abin da ya rage mana tsofaffin kaya ne da dillalan gwanjo za su taya da arha. Saboda haka idan na miƙa wa mai jari naira dubu ɗari a ƙarshen wata uku, kuskure ne babba ya ɗauka cewa riba ce yake ci alhali uwar kuɗinsa tana nan ajiye a wani wuri. Na sa aka rubuta a fili cewa duk abin da aka raba a farko mayar da jari ne, har sai kowa ya karɓi abin da ya zuba, sannan abin da ya biyo baya shi ne riba, kashi 60 na masu dukiya, kashi 40 na mai aiki. Wannan yana nufin ni ma ban ga kason aikina ba sai da kuɗinsu ya dawo, abin da ya sa na ci gaba da aikin otal na wani lokaci domin ciyar da iyalina. Na sha ganin wasu suna tallar irin wannan kasuwanci suna lissafa duk abin da suka biya a matsayin riba, kuma a ganina wannan ruɗi ne ko da babu mugun nufi.

Lissafin da na nuna wa kowa mai sauƙi ne, kuma zan ba da misalinsa da lambobin da ba na wani gida takamaimai ba. Idan haya da albashi da wuta da gyare-gyare suna cin naira miliyan 6 a shekara, ana kuma karɓar naira 50,000 a kowane dare, to sai gidan ya sami baƙi dare 120 kafin a mayar da abin da aka kashe a shekarar, ba a ma fara maganar dawo da kuɗin kaya ba. Shekara tana da dare 365, kuma mai neman jari yakan ji sha'awar ninka kuɗin dare ɗaya sau 365 ya nuna wa mutane. Ni na riƙa gabatar da lissafi uku, na shekarar da kasuwa ta yi kyau, na matsakaiciya, da na shekarar da gidan ya wuni a rufe mafi yawan lokaci, kuma da na ƙarshen nake farawa.

Lauyan da na ɗauka ya yi mana rajistar kamfani a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC. A lokacin doka tana buƙatar aƙalla mutum biyu, don haka maiɗakina ta zama ta biyu. Sai dokar kamfanoni ta 2020 ce ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ya ja kunnena cewa kamfani mai zaman kansa ba ya wuce mambobi 50 kuma ba shi da ikon gayyatar jama'a su sayi hannun jari, don haka maganata ta tsaya tsakanina da mutanen da na sani. Shi ne kuma ya dage cewa takardar haya ta ƙunshi izinin mai gida a rubuce na saukar da baƙi masu biya, tare da wa'adin shekara biyar da iyakar ƙarin da za a iya yi idan an zo sabuntawa. Wannan sharaɗi ya sa muka rasa gidaje masu kyau, amma ba shi da makawa, domin mai gida da ya ga an gyara masa gida ana samun kuɗi a ciki zai iya ninka haya ko ya ba da notis, kuma kuɗin mutane ne za su bi ruwa.

Bayan Kawu, yayata da ke aikin jinya a Ingila ta shigo, sai wani Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi wanda ya daɗe yana saukar da baƙinsa a otal ɗinmu, sai abokan karatuna biyu, sai kuma surukata, wadda ta kwashi adashenta ta kawo. Tambayar Hajiya ta bambanta da ta kowa. Ta ce, "Ɗan nan, ni ba ribar ce ta dame ni ba. Wa zai riƙa kwana a gidan? Kada in ci kuɗin da aka samo ta hanyar baɗala." Tambayar tana kan hanya, domin wannan sana'a tana da wannan suna a bakin mutane, kuma ba a banza ba. Saboda ita muka rubuta dokokin gida a cikin yarjejeniyar masu jari kanta: kowane baƙo ya nuna katin shaida a ɗauki hotonsa, ba a shigo da giya, ba a yin casu, kuma muna da ikon ƙin karɓar wanda ba mu natsu da shi ba. Na kuma je na gaida mai unguwa da maƙwabta na bayyana musu abin da za a yi a gidan, na bar musu lambar wayata. Waɗannan dokoki suna rage ciniki, musamman a ƙarshen mako, kuma na faɗa wa masu jari haka tun kafin su sa hannu.

Mafi tsokar kuɗin bai tafi a kan abin da baƙo ke gani a hoto ba. Bayan haya, wuta da ruwa ne suka fi ci: sola da batura, janareta na ko-ta-kwana, gyaran rijiyar burtsatse da tankuna. Baƙon da ya biya kuɗin dare ɗaya da ya kai albashin wani na wata zai yafe tsohon labule, amma ba zai yafe zafin watan Afrilu babu wuta ba. Mun saka gidan a shafukan intanet na kama masauki, Airbnb da Booking.com, sai dai mafi yawan baƙinmu ta WhatsApp da Instagram suke zuwa, da kuma bakin waɗanda suka taɓa sauka.

Kowane gida yana da asusunsa na banki daban, kuma ba a karɓar kuɗin baƙo a hannu ko a asusuna na kaina. Duk fitar da kuɗi da ya wuce wani adadi sai da sa hannun mutum biyu, ni da wakilin da masu jari suka zaɓa a tsakaninsu. A farkon kowane wata ina tura musu takarda mai nuna darare nawa aka kwana, nawa ya shigo, nawa ya fita da kuma a kan me, haɗe da bayanin asusun daga banki. Kafin a raba komai ana cire kashi 10 a ajiye domin gyara da ranar tsanani. Alhaji ya yi ƙorafi a kan wannan ajiya tun farko, yana cewa kuɗin da ke kwance ba ya haihuwa, kuma a matsayinsa na ɗan kasuwa yana da gaskiyarsa.

A ƙarshen watan Maris na 2020 gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita saboda korona, ba a sassauta ta sosai ba sai a watan Yuni, kuma zirga-zirga tsakanin jihohi ta tsaya. A lokacin muna da gida na biyu a Malali, wanda aka tara jarinsa daban. Rahoton da na tura a waɗannan watanni babu komai a layin kuɗin shiga, ga albashin maigadi da mai shara yana fita. Ajiyar nan ce ta riƙe mu, kuma na kira kowa ɗaya bayan ɗaya na faɗa masa cewa babu rabo a wannan zango, mai yiwuwa har na gaba. Babu wanda ya ji daɗi, amma babu wanda ya ce an yaudare shi, domin takardar da ke hannunsa ta ambaci irin wannan shekara.

Shekarar 2022 ta fi tsanani. A ranar 28 ga Maris aka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane aka sace wasu da dama, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba, jiragen sama ma sun dakatar da sauka na wani lokaci, hanyar mota kuwa mutane suna tsoronta. Asarar ciniki ba a bakin komai take ba idan aka kwatanta da abin da iyalan waɗanda abin ya shafa suka gani, amma bukukuwa da taruka da yawa sun koma Abuja ko Kano, kuma gidajenmu sun ji a jikinsu. A tsakiyar wannan hali Alhaji ya ce yana son kuɗinsa domin kasuwar atamfa ma ta matse shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin nan ba a aljihuna suke ba, suna cikin haya da kaya." Yarjejeniyarmu ta tanadi cewa mai son fita ya ba da sanarwar wata shida, a kimanta kasonsa bisa abin da ya rage masa da darajar kaya a ranar, a fara tayin ga sauran masu jari kafin bare. Ɗaya daga cikin abokan karatuna ya saya. Alhaji ya karɓi ƙasa da abin da ya sa rai, ya ɗan yi sanyi da ni na wani lokaci, amma har yau baƙinsa na Kwatano da Lagos a wurinmu suke sauka.

Daga 29 ga Mayu na 2023, da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki farashin naira, dalar da gwamnati ke sayarwa a kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba na 2024, Babban Banki kuma ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5. Da bashin banki ne a wuyana a wannan lokaci, da tuni an kwashe kujerun. Sai dai tsarinmu ma bai kuɓutar da kowa daga komai ba. Yaya da fam ta turo kuɗinta, kuma duk da cewa a lissafin naira jarinta ya dawo har ta ci riba, idan ta mayar da abin da ta karɓa zuwa fam bai kai abin da ta bayar ba. Mun rubuta tun farko cewa da naira ake lissafi, ta kuma san haka, amma ta gaya mini gaskiya cewa ba za ta sake saka kuɗi a gidan haya ba, sai dai a gidan da za a mallaka, inda ƙasa da gini za su riƙa bin tashin farashi.

Maganarta ce ta kai mu ga sayen gida a Barnawa, kuma a nan tsarin ya canza. Mun kafa kamfani na daban domin wannan gida kaɗai, kowa ya karɓi hannun jari daidai da abin da ya zuba, kamfanina kuma ya zama mai kula da gidan a kan kaso daga abin da ya shigo. Kafin a biya ko kafin alƙalami lauya ya yi bincike a KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Kaduna, domin tabbatar da sunan da ke kan takardar mallaka da kuma cewa ba a jinginar da ita ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamna, saboda haka sauya mallaka yana buƙatar amincewarsa, kuma mun saka kuɗin wannan da na lauya da la'adar dillali a cikin jarin da aka nema tun farko. Takardar ta fito da sunan kamfanin. Wasu daga cikin 'yan uwa sun ce a sa sunana kawai domin a rage kashe kuɗi tun da an yarda da ni, na ƙi, saboda idan na faɗi na mutu gobe gidan zai shiga cikin gadona, kuma 'ya'yana da 'ya'yansu ne za su tsaya gaban alƙali.

Da sana'ar ta fara suna, sai neman jari ya juye, mutane suka fara kawo kuɗi da kansu, kuma a nan na koyi mayar da kuɗi. Ba na karɓar dukiyar marayu, ba na karɓar kuɗin wanda ya ce mini shi ke nan abin da ya mallaka, ko wanda ya ajiye domin kujerar Makka ko auren 'yarsa a baɗi. Wani ya taɓa zuwa da tsabar kuɗi cikin jaka yana son a saka ba tare da sunansa ya fito ba, na sallame shi cikin mutunci. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, ba ta hanyar banki ba, kuma masu harkar gidaje suna rajista da SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Ba na tallar neman jari a Facebook ko a rukunonin WhatsApp, domin tara kuɗi daga jama'a yana ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, wadda ta fitar da ƙa'idojinsa a 2021, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu tsarin biyan tsofaffi da kuɗin sababbi. Wannan ya sa girmanmu yake tafiya a hankali, har wasu da suka fara bayana sun ninka ni yawan gidaje.

Kawu ya rasu bara, Allah ya gafarta masa. Bayan an yi sadakar bakwai, babban ɗansa ya zo da kwafin yarjejeniyar da ya samu a cikin akwatin takardun mahaifinsa, tare da rahotannin wata-wata da Kawu ya riƙa bugawa yana adanawa. Muka kira mai kimanta kadara ya kimanta gidan Barnawa, akanta ya fitar da abin da ya rage masa a gidajen haya, aka miƙa wa malamin da ke rabon gado adadi guda a rubuce. Magadan da ke buƙatar kuɗi a hannu sun sayar da kasonsu ga sauran masu jari, 'ya'yansa mata biyu kuma suka zaɓi su bar nasu a ciki, aka sauya sunaye a rajistar kamfani. Kimantawar ta ɗauki lokaci fiye da yadda magada suka so, domin tsohuwar yarjejeniyar ba ta fayyace wanda zai zaɓi mai kimantawa ba idan mai jari ya rasu, kuma a taron masu jari na ƙarshen shekara an amince a ƙara wannan sharaɗi, tare da wa'adin wata uku na kammala biyan magada.